Kunama mun sani, to ƙarfen da ke riƙe da fistin fa?

Mai tambaya, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki da masu sana'a a hannu. Ƙanena da ke Katsina ya samu saktun, bindigar nan mai harbi da iska, yana so in rubuta masa yadda ake gyara ta ta yi laushin harbi, sai na ga rabin abin da zan faɗa Larabci ne. Nan Saudiyya muna cewa zinad, susta, jilda, makbas, shi kuwa ko Umara bai taɓa zuwa ba. Zinad ba ta ba ni wahala ba, kunama ce, wadda yatsa ke ja a yi harbi. Inda na cije shi ne ɗan ƙarfen nan na ciki da ba a gani. In ka karya bindigar, wato ka lanƙwaso bututunta ƙasa, ka ɗana ta, fistin zai ja baya ya matse sifirin, sai wani ɗan ƙarfe ya cafke shi ya riƙe. Yatsanka ba ya taɓa ƙarfen nan. Kunama kake ja, ita kuma ta zame shi, fistin ya ƙwace. Turawa na ce masa sear. Mu me za mu ce?

Kawu, Sharamansur:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka shiga cikinta, ita kanta me ka kira ta a takardar? In ka rubuta "bindigar iska" tsurarta, 'yan Katsina sai sun yi maka dariya, su ce ai ka faɗa da bakinka ta banza ce. Ka ce bindiga mai aiki da iska sau ɗaya, daga nan ka ci gaba da saktun ɗinka, zai saba.

Kunama kuwa kada wanda ya taɓa ta. Maharbanmu na bindigar toka ba su yi kuskuren suna ba: ga lanƙwasar wutsiya, ga shi kuma a Hausa ita ma kunamar harbi take yi. Zinad ɗin Larabawa asalinsa ƙarfen ƙyasta wuta ne, irin ƙyastunmu, tun zamanin bindigar ƙanƙara. Saktun ba ta da wuta ko ta ƙwayar ashana, amma sunan ya bi ta. Ni a ganina duk tarkacen da ke cikin ɗan akwatin nan da kunamar ke ciki ka ce musu kunama, shi ke nan.

Makanike, Sina'iyya:
Kawu, Allah ya ƙara girma, a nan zan ɗan saɓa maka. Haɗa su a suna ɗaya shi ke jawo ɓarna. Mutum ya ji an ce "a goge kunama ta yi laushi", sai ya kwance akwatin ya sa magagari a kan duk ƙarfen da ya gani.

An taɓa kawo mini wata da aka yi wa haka a wata warsha, wato shagon gyara. Na ciro ƙarfen na ɗaga shi a fitila, bakinsa da ya kamata ya zama kaifi tsaf ya koma kamar an tsotsi alewa, ga zanen magagari raɗau a jiki. Irin waɗannan ƙarafa a bindigogi da yawa bayansu kawai aka gasa ya yi tauri, cikinsu laushi ne. In ka cinye wannan ɓawon, kullum aka ɗana sai ya ƙara lalacewa. Mai ita yana cikin saka harsashi, bututun a karye, ƙarfen ya saki da kansa. Bututun ya dawo sama da ƙarfin sifirin gaba ɗaya, ya lanƙwashe, ƙotar ta tsage ta wajen kusoshi. Allah ya taimake shi yatsansa ba ya bakin ramin a lokacin. Kunamar da yatsa ke taɓawa lafiyarta ƙalau, ba ita aka cuta ba. Don haka dole ƙarfen ya samu sunansa shi kaɗai. Ni a warsha ƙugiya nake cewa.

Haifaffen Mai Wurno, mazaunin Riyad:
Mu a Sudan tetik muka tashi muna ji, ba zinad ba. Turkanci ne ya maƙale tun mulkin Turkawa da ya faro a 1821. Na ƙarfen ciki kuwa ban taɓa jin an raɗa masa suna ba, sai dai a nuna da yatsa. Me zai hana sakata? Tana tare ƙofa, ka zare ta ƙofa ta buɗe. Aikin ke nan.

Malama, Madina:
Yaya, sakata ta yi kyau, amma ina ganin akwai mai ita. Ɗan maɓallin nan da ake turawa ya hana kunama motsi, wanda nan ake ce wa aman, shi ya fi cancantar sakata, don hannu ne ke sa shi, hannu ke zare shi. In muka ba ƙarfen ciki wannan suna, ranar da aka ce wa yaro "ka sa sakata" ba zai san wanne ake nufi ba, kuma ba wurin ruɗani ba ne.

Ni shawarata mariƙi. Hausa na da hanyarta ta ƙera sunan kayan aiki: buɗe ya ba mu mabuɗi, taje ya ba mu mataji, goge ya ba mu magogi. Shi wannan aikinsa riƙo, ba shi da wani.

Makanike, Sina'iyya:
Malama, mariƙi ai na jaka ne da na ƙofa. In na ce wa yarona ya miƙo mini mariƙi, ƙotar zai ɗauko.

Malama, Madina:
To ai ka riga ka kira ta ƙota, ka ga ta fita daga rigimar. A ce mariƙin fistin.

Mai tambaya, Jidda:
Ni ƙugiya ta fi zauna mini a kunne, gaskiya. Da ka ji ka ga siffar abin.

Kawu, Sharamansur:
Siffar wanne, ɗana? Tsohuwar Diana 27 tana nan a ɗakina, irin wadda Jamusawa suka ƙera a Rastatt. Ita da 'yar'uwarta 35 ba ƙugiya ce ke kama fistin ba, 'ya'yan boris ne guda uku a cikin wani ɗan kwaroron ƙarfe, su ke shaƙe wuyan sandar fistin. Ka ja kunama, kwaroron ya zame, su buɗe. Wanda ya taɓa kwance ta ya san haka, don sai ya manna su da giris kafin su yarda su koma mazauninsu. Ka ce wa ƙwallo ƙugiya? Na janye maganata ta farko, na bi Malama.

Makanike, Sina'iyya:
Wannan kam Kawu ya kama ni, na sha fama da 'ya'yan boris ɗin nan a ƙarƙashin tebur. Kuma ga masu tulun iska da samari ke rububi yanzu, waɗanda ake cika wa iska matsinta ya kai bar 200 ko sama. Su ba su da fistin sam. Ƙarfen yana riƙe da 'yar guduma ce, in ya sake ta ta daki bawul, iska ta fita. Mariƙin fistin a mai sifirin, mariƙin guduma a mai tulu. Na yarda, duk da bakina zai daɗe yana cewa ƙugiya.

Tunda an zo nan, akwai abin da ya fi sunan ƙarfen muhimmanci wajen gyara, wato yawan wurin da mariƙi ya hau kan abin da yake riƙewa. Mu cizo muke cewa: ya ciza da yawa, ya ciza kaɗan. Wuri ne da sau da yawa bai fi kaurin farce ba, kuma duk ƙarfin sifirin a kansa yake rataye. Cizo ya yi yawa, kunama ta yi ta gurzo kafin ta saki, kana ja kana jin ƙarfe na tafiya a kan ƙarfe, saiti ya gudu. Cizo ya yi kaɗan, bindiga ta tashi don an ajiye ta da ƙarfi. Gyaran kirki shi ne a wanke tsohon giris da ƙurar da ya kwasa, wanda a ƙasar nan ba kaɗan ba ce, a sa ɗan giris mai moli (molybdenum) a wurin gogayya, a daidaita da kusoshin da kamfani ya tanada. Kusurwar ƙarfe ba a taɓa ta.

Haifaffen Mai Wurno, mazaunin Riyad:
Cizo ya yi, ba gardama. To kunamar nan mai hawa biyu fa? Irin Rekord ta Weihrauch da ke nan tun shekarun 1950, ko T06 ta Diana, ko Quattro ta Hatsan ɗin Turkiyya. Ka ja ta taho sakwaf, sai ta tsaya cak, ka ƙara ɗan nauyi ta saki. Na ga wasu na rubuta "mataki biyu".

Malama, Madina:
Mataki na tsani ne, kana taka ɗaya kana neman na gaba. Nan kuwa tsayawar ita ce maganar. Mai harbi yana isa wurin ya dakata, ya daidaita numfashi, in saitin bai yi masa ba ya saki yatsa ya fasa. Zango ke nan. Kunama mai zango biyu: zangon farko, zango na biyu. Mu da kakanninmu suka zo ƙasar nan a ƙafa ta Chadi da Sudan suka tsallako daga Sawakin, ba sai an fassara mana zango ba.

Kawu, Sharamansur:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan ko maharbin ƙauye ya ji ya gane.

Mai tambaya, Jidda:
Sauran ina ganin ba sa buƙatar taro. Susta sifirin ne, makbas fistin ne, haka makanikai ke faɗa daga Kano har Yamai. Jilda ce kawai: fata ko roba?

Makanike, Sina'iyya:
Ka kira abin da ke ciki. Tsofaffin fata ce ta gaske, tana son ɗan mai lokaci zuwa lokaci ko ta bushe. Na yanzu roba ce. Fatar fistin, robar fistin. Kuma ka rubuta wa ƙanen naka da manyan baƙaƙe kada ya ɗiga man inji a ramin iska. Fistin na matse iskar nan farat ɗaya ta yi zafin da mai ke kamawa, kamar yadda injin dizal ke tashi ba fulogi. Za ka ji ƙara kamar ta albarushi, hayaƙi na fita ta baki, roba ta ƙone, wani lokaci sifirin ya karye. Samari na murna wai ta ƙara ƙarfi. Ni "ta yi dizal" nake cewa, kowa na ganewa. Haka harba ta ba harsashi a ciki: fistin ba ya samun iskar da za ta tare shi, sai ya daki bango. Sandar da ke shiga cikin sifirin ta hana shi karkacewa kuwa na ga an fassara ta "jagora" a wani wuri. Ba ta jan kowa zuwa ko'ina, sandar sifirin ce. In ta yi masa daidai ba sako-sako ba, yawancin ƙarar tsirrr ɗin nan da ke biyo bayan harbi tana ɗaukewa.

Kawu, Sharamansur:
Masu karantawa a nan ƙasar kuma su tuna saktun ba abin wasan yara ba ce a wurin hukuma, lasisi ake yi mata. Farauta kuma tana da lokacinta da izininta ta manhajar Fitri ta cibiyar kula da namun daji. Cikin haddin Harami kuwa ko da takarda ba a farauta, tattabarun nan a bar su su ci alkamarsu.

Mai tambaya, Jidda:
Na gode ƙwarai. Ga yadda jimlar ta fito, a duba mini: "In ka ɗana, mariƙi zai ciji fistin. Sa sakata, riƙe bututun da hannu ɗaya har ka gama saka harsashi. Ja kunama zuwa ƙarshen zangon farko, ka tsaya. In tana gurzo a zango na biyu, cizon ne ya yi yawa ko giris ya bushe, kada ka sa magagari."

Haifaffen Mai Wurno, mazaunin Riyad:
Ta karantu. Saura ƙarfen da ke haɗa bututu da fistin, wanda ke tura shi baya in an karya. Bisa hanyar Malama sai mu ce maɗani, daga ɗana.

Malama, Madina:
A baki ya yi daɗi, a waya ne matsalar. Rabin mutanenmu ba sa saka ƙugiyar ɗ, zai fito madani, wani ya karanta madanni, mutanen garin nan na Madina kuma su ɗauka da su ake. A bar shi hannun ɗani tukuna, sai an ji daga maƙeran gida.