Iya fitar da hoton 3D ya isa mutum ya zama mai tsara ɗaki?

Ɗan Gesse: Assalamu alaikum. Zan faɗi wata magana, na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Duk matashin da ke son cin abinci da tsara cikin gida a Birnin Kebbi yanzu, ya ajiye komai ya duƙufa kan fitar da hoton 3D, wato hoton kwamfuta mai nuna yadda ɗaki zai kasance kamar a zahiri. Sana'ar ke nan. Mai gida ba ya karanta filan, layuka kawai yake gani. Amma nuna masa falonsa a waya, ga kujeru, ga labule, ga fitilu cikin POP, nan take zai nemi lambar asusunka. Wata shida a kan manhajojin SketchUp da V-Ray, na zane da fitar da hoto, sun fi shekara uku a shagon kafinta. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Kawu Kafinta: Wa alaikumus salam. Ɗana, hujja tana shagona, taho ka gani. Hotunan ga naku su ka jawo muna rigima da mutane. Ana kawo muna hoton ɗaki awa filin idi, in munka je munka aza tef sai mu ishe ƙafa 12 ne kan 12. Gado 6 kan 6 da allon kai ya ci kusan ƙafa shida da rabi. Sif ya ci biyu. Mi ya rage? Ukku da rabi, kuma cikinsu za a buɗe murfin sif, cikinsu mutum zai gitta. Amma cikin hoto har da kujera da madubi da tebur. In kaya sunka ƙi shiga, ba a neman mai kwamfuta, kafinta a ka kira maƙaryaci.

Ɗan Gesse: Kawu, Allah ya ƙara girma, ai wannan laifin wanda ya zana ne, ba na kwamfuta ba.

Kawu Kafinta: To ai maganata ke nan. Wa zai koya mai awo in ka ce ya aje komai?

Injiniya: Kawu ya taɓo abin da ya kamata a tsaya a kai, domin akwai dalilin da ke sa ƙaramin ɗaki ya yi faɗi a hoto. A cikin manhajar akwai kyamara kamar ta gaske. Idan ka buɗe idonta sosai, misali milimita 16 ko 18, tana jan bango baya, abin da ke kusa ya yi girma, na nesa ya ƙanƙance, sai ɗaki ya zama zaure. Wasu ma suna ɓoye bango ɗaya su ajiye kyamarar a waje, wurin da ɗan Adam ba zai taɓa tsayawa ba. Mai amana yana ajiye ta wajen milimita 24 zuwa 35, a tsayin da bai wuce idon mutum ba, kuma yana haɗa hoton da filan mai awo a rubuce. Sannan ka auna ɗakin da kanka bayan an yi filasta. Awon da ke takardar gini daban, abin da birkila ya bari daban, kuma bango da yawa ba su miƙe ba. Santimita biyar ta isa ta hana sif shiga gurbinsa.

Maman Hanifa: Ni dai ba zan bari a zubar da darajar hoton nan ba, don mu mata mun san amfaninsa. Kawu, ka san yadda jere yake. Uwar amarya ta sa a yi kaya, wani lokaci har daga Kano, ba ta taɓa ganin ɗakin ba. Ranar jere a taru, gwaggo ta ce gado nan, inna ta ce can, a ja sif a ƙasa har ya goge tayil, a ƙarshe a bar wasu kaya a tsakar gida ana jin haushin dangin ango wai sun ba da ƙaramin ɗaki. Yanzu ina shiga da tef ɗina tun kafin a ba kafinta ko sisi, in zana, in nuna wa Hajiya a waya: ga inda gado zai zauna, ga inda kabad ɗin kwanuka zai tsaya, wannan kujera ta uku ba ta da wuri. Kuɗinta ya tsira, zumunci ya tsira. Kuma akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya auna ɗakin matar aure ba, ni ina shiga. Don haka 'yan mata su koya, da gaske nake.

Kawu Kafinta: Hajiya, ke da tef kika fara. Ba ni da ja da ke.

Mai POP Badariya: Ni tambaya ɗaya gare ni ga masu hoto: ina fanka? Ku duba hotunan da ake yawo da su, silin ya sauko hawa biyu ko uku, ga fitila mai reto a tsakiya, babu fanka ko ɗaya. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu! Na'urar sanyi kuwa sai da wuta. In an gama aiki mai gida ya ce a saka fanka, sai a fasa POP ɗin da aka biya ni na yi, a nemi inda za a ɗaure ƙugiya. In silin ya riga ya sauko da yawa, fankar ta zo daidai hannun dogon mutum. Haka ƙarfen taga, haka ragar sauro, haka soket. Duk ba sa sa su don suna ɓata kyan hoto, alhali suna nan a kowane gida.

Ɗan Gesse: Yayana, gaskiya ka faɗa, amma ku dubi inda na dosa. Da wanda ya iya awo bai iya hoto ba, da wanda ya iya hoto bai iya awo ba, wa ake ba aiki? Na biyun. Ina gani da idona. Mutane a Instagram da TikTok suke zaɓen mai yi musu aiki, ba wanda ke ɗora hoton tef. Yaro ya fara da abin da zai kawo masa aiki, sauran ya tsinta a hanya.

Malama 'yar Zuru: Ya tsinta da kuɗin wa? Ƙanena, wanda ya tara shekaru yana gina gida ba wurin gwaji ya buɗe maka ba. Kuma fitar da hoton kansa ba danna maɓalli ba ne, rabinsa sanin kaya ne. Ɗauki launi. Fuskar waya haske take fitarwa, fenti kuwa hasken da ya faɗa masa yake mayarwa, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Hoto guda ma ka buɗe shi a waya biyu, launi biyu za ka gani. Yawancin hotunan nan da fitila mai ruwan ƙwai ake haska su, wajen Kelvin 3000 a ma'aunin launin haske, shi ya sa ɗaki ke yin taushi a ido. Ƙwan fitilar da aka fi saye a kasuwanninmu fari ne fat, 6500. Bangon da ya fito ruwan madara a hoto sai ya koma kamar na asibiti. Wanda ya san aikinsa zai tambayi irin ƙwan da za a saka, ya haska hoton da shi, sannan ya sa a shafa fentin a gefen bango a duba da rana, a duba da dare. Tayil ma haka: je shago ka ɗauki hoton wanda ake da shi, ka shigar da shi da girmansa na gaskiya, in santimita 60 kan 60 ne ya fito 60 kan 60. Ba ka sauko da dutsen Italiya daga intanet ka manna ba, mai gida ya zaga Birnin Kebbi da Sakkwato har Ƙofar Ruwa ta Kano yana nema.

Maman Hanifa: Ki ƙara da hunturu, Malama. Baƙin tayil mai sheƙi da kantoci marasa murfi suna da kyau a waya. Bari ƙura ta sauko a Disamba, matar gida ce za ta wuni da tsumma. Ni ina faɗa wa masu aikina tun kafin su zaɓa.

Ɗalibi daga Aliero: Iyayena da yayyena, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Ni matsalata kayan aiki. Laftof ɗina ƙarama ce, kuma an ce sai mai tsada. Sannan abokaina na cewa kada in wahala, ƙirƙirarriyar basira (AI) tana fitar da ɗaki cikin minti ɗaya.

Injiniya: Tana fitarwa, amma ba ɗakinka ba. Za ta iya matsar da taga, ta ƙara tsawon bango, ta ƙirƙiro kujerar da babu kafintan da zai san ta inda zai fara. Don neman dabara tana da amfani, amma ba a yanka katako da ita. Batun laftof kuwa, zana ɗaki a SketchUp ba ya cin ƙarfi sosai, fitar da hoton ƙarshe ne ke son katin zane mai kyau, wato ɓangaren kwamfuta mai sarrafa hoto, irin RTX na kamfanin Nvidia, da ram kamar gig 16. Kafin ka kai can, manhajar Blender ta zane da fitar da hoto kyauta ce gaba ɗaya. Twinmotion ma, manhajar fitar da hoto, tun 2024 kamfanin Epic ya sake ta kyauta ga ɗalibai da duk wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba. Kamfanin Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara guda na manhajojin zanen gini AutoCAD da Revit don karatu, in ka nuna shaidar makaranta. Ka bar na sata, suna zuwa da cutar kwamfuta. Kuma ka ɗaga laftof ɗin daga kan katifa in tana aiki, zafin garin nan kaɗai ya ishe ta.

Ɗan Gesse: Har yanzu ina kan bakana cewa hoto ne ke buɗe ƙofar aiki, ba wanda ya rushe wannan. Amma mu gwada a gani. Kawu, ba mu awon ɗaki na gaske, duk mai iyawa ya zana, kai da Mai POP ku duba ko zai ginu.

Kawu Kafinta: Madalla. Rubuta: 12 kan 13, bayan filasta. Daga ƙasa zuwa silin ƙafa tara da rabi. Ƙofa ƙafa ukku, tana kusurwar kudu, ciki take buɗewa. Taga guda, yamma take kallo, rana na dukanta tun daga azahar. Gado 6 kan 6, sif mai murfi huɗu, madubi, kuma a bar wurin shimfiɗa sallaya.

Mai POP Badariya: Da fanka.

Malama 'yar Zuru: Kowa ya turo da filan mai awo tare da hoton, ya kuma faɗi faɗin idon kyamarar da ya sa. Ɗalibi, kai ma ka shiga, ko da Blender ne.

Ɗalibi daga Aliero: In sha Allahu, Malama. Kawu, soket nawa ne a ɗakin, kuma a wane bango suke?