Da aka ce a tashi, yaya kuka yi da dabbobinku?

Daga Argungu:
Assalamu alaikum. Tun ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun Kebbi, nake son jin yadda kowa ya yi da dabbobin gidansa. Mu makarantar firamare aka sauke mu, aka ce ba a shiga da dabba, don haka mahaifina ya ƙi barin gida har ruwa ya kai masa gwiwa, saboda awakinsa bakwai da karen da ke gadinsu.

Daga Bagudo:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Mu a bakin Kwara mai kwalekwale ya ce mutane kaɗai zai ɗauka, kuma ban ga laifinsa ba. Na kwance tumakina daga turke domin su nemi tudu da kansu, na samu huɗu cikin biyar bayan kwana uku. Maƙwabcina ya manta bai kwance nasa ba, muka dawo muka tarar da su a ɗaure, igiya a wuya, ruwa ya bi ta kansu.

Daga Birnin Kebbi, mai duba lafiyar dabbobi:
Hana dabba shiga aji yana da dalili, domin yara na kwance a tabarma, ga ƙuma, ga karnukan da ba a yi musu allurar ciwon hauka ba. Amma hanawa ba tare da an tanadi wani wuri ba ita ce ke zaunar da dattawa irin Baba cikin ruwa. A Amurka, bayan guguwar Katrina ta 2005, inda mutane da yawa suka ƙi tashi saboda karnuka da kyanwoyinsu, an yi doka a 2006 da ta sa hukumomi su saka dabbobin gida irin su karnuka da kyanwoyi cikin shirin kwashe jama'a. Abin da na gani ya yi aiki a wani sansani shi ne turaku da rumfa a filin ƙwallon makaranta, da harawa da dusa, a busasshiyar ƙasa, tunda tsayuwa cikin laka na ruɓar da kofato.

Daga Yauri:
Gaskiya ne, Hajiya. 'Yata ta saka kyanwarmu cikin kwando ta rufe da zane, ta ɗora a cinya har muka haye. A sansanin ma ita ta hana ɓeraye taɓa ɗan buhun geron da muka tsira da shi.