Ina roƙon addu'a saboda Mama: ƙiba, ciwon suga, da azumin da aka ɗora mata

'Yar Zuru ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina koyarwa a Birnin Kebbi, mahaifiyata kuma tana gida Zuru. Shekarunta 58. Tun rasuwar Baba jikinta yake ta ƙaruwa, yanzu ta kai kilo 104, ga ta ba doguwa ba. Asibiti sun ce tana da hawan jini da ciwon suga, sun ɗora ta kan magani. Gwiwoyi kuwa ba a magana. Matar da ke jan waƙa a zumuntar mata, wadda take fara miƙewa da zarar an buga tulu, yau bencin baya take zama, wata Lahadin ma sai ta ce kanta na ciwo ta ƙi fita. Na san kunya ce, domin wata ta taɓa yi mata wasa a kan kujera a gaban mutane, maganar ba ta bar zuciyarta ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne wani mai addu'a da maƙwabciya ta kawo mata. Ya ce ƙibar nan jifa ce daga dangin Baba, sai ta yi azumin kwana 7 ba ci ba sha, ta kuma ajiye ƙwayoyinta domin shan su rashin bangaskiya ne. Mama ta tsorata ƙwarai. Ta daina gaisawa da Goggo, kuma ta ce ranar Litinin za ta fara.

Na gaskata Yesu yana warkarwa, ina so a kuɓutar da ita. Amma zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. In na hana ta, na tsaya a gaban aikin Allah ke nan? Kuma wace irin addu'a zan riƙa yi mata? Ku taya ni.

Nas daga Yauri ta amsa:

'Yar'uwa, ki kira ta yau ɗin nan, kada ki bari sai Litinin. Ni ma mai bi ce, ina azumi, amma mai ciwon suga ba ya kwana 7 babu ruwa a zafin ƙasarmu. In ta bar magani, suga ya hau, jiki ya bushe, ƙoda ta wahala, mutum yana iya suma. In kuma ta sha magani babu abinci, musamman irin glibenclamide ko allurar insulin, suga ya faɗi warwas: rawar jiki, zufa, ruɗewa. Maganin hawan jini shi ma in an yanke shi, shanyewar ɓarin jiki ake gudu.

Kada kuma ku sa mata dogon buri. Wanda ya rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, ana ganin bambanci a suga da jini. A wurin Mama kilo 5 zuwa 10 ke nan, a hankali, kamar rabin kilo a mako. Gishiri kada ya kai gram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin, shi mutane ke mantawa. Shayin rage ƙiba da ake talla a Facebook, ki raba ta da shi, yawancinsa zawo da fitsari yake sawa. Ki riƙa duba mata tafin ƙafa, ko ƙaramin ciwo ne a kai ta a gani.

Baba Dattijo ya amsa:

'Yata, ba ki tsaya a gaban aikin Allah ba. Ki buɗe 2 Sarakuna sura 20. Hezekiya ya yi kuka, Ubangiji ya ji, ya ƙara masa shekara 15, amma duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Bulus kuma da bakinsa ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Ina wanda zai ce waɗannan ba su da bangaskiya?

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana hanya a Yakubu 5:14 da 15: marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya, su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Dattawan ikkilisiyarta, waɗanda suka san ta, suka binne mijinta, za su kuma dawo gobe su ga yadda ta kwana. Ki je wurin fastonta ki faɗa masa komai.

Kuɓutarwa kuwa, lallai tana bukata, amma ni abin da nake gani ya ɗaure ta shi ne baƙin cikin rashin miji, da kunya, yanzu an ƙara mata tsoro da gaba da 'yar'uwar mijinta. Mutumin da ya shigo gidan gwauruwa ya fita ya bar ta ba barci ba zumunci, ni ba zan karɓi saƙonsa ba. Ki yi addu'a tare da ita, a kunnenta, ko ta waya ce. Ki fara da godiya saboda jikin nan da ya ɗauke ki ya goye ki. Ki roƙi Ubangiji ya cire mata tsoro, ya ba likitocinta hikima, ya ba ta ƙarfin kamewa a gaban kwano, ya mayar mata da waƙarta. Ku karanta Zabura 103 tare. Kada addu'arki ta zama faɗa a ɓoye, uwa tana ganewa.

Maman Biyu ta amsa:

Baba, da girmamawa, kada mu ce babu mugunta a duniya, Afisawa 6:12 tana nan. Ni dai ina yin addu'ar tsari a kan gidana kullum. Amma na yarda ba a nuna yatsa ga dangi, kuma ba a zubar da magani. Idan azumin ne ya zauna mata a rai, ku 'ya'yanta ku ɗauka a madadinta.

Maigidana ma da suga yake. Abin da ya taimake mu, tukunya ɗaya muka koma gaba ɗaya, ba a ware masa nasa kamar wanda ake horo. Malmalar tuwon shinkafa ta ragu, muka fi yin na dawa da wake, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, kwaɗon zogale da rama, kifi gasasshe. Lemun kwalba da kunun zaƙi mai sukari suka bar gidan. Wa ke dafa wa Mama? Da wannan za ki fara magana.

'Yar Zuru ta sake rubutawa:

Na gode, Ubangiji ya sāka muku. Na kira faston Mama, ya tafi da dattawa biyu da shugabar zumuntar mata, suka yi mata addu'a suka shafa mata mai. Ta yi kuka sosai, ta ce tun rasuwar Baba ba ta faɗa wa kowa cewa da dare take ci don ta samu barci ba. Ta fasa azumin, tana shan maganinta. Ni da ƙanena za mu riƙa yi mata na ranar Laraba. Mata biyu sun ce za su riƙa biyo mata da sassafe su taka zuwa addu'ar asuba, iya inda gwiwa ta yarda. Ƙanwata da ke girki ta ji bayanin gishiri da dunƙule.

Maganar Goggo ce ba ta warware ba tukuna. Mama ta ce ba ta shirya ganinta ba, ni kuma ban matsa ba. Ku ci gaba da sa wannan cikin addu'a. Nas, ranar Asabar zan je gida, wace na'urar awon suga ce ake samun tsinkenta cikin sauƙi a wajenmu?