Neman shawara: fentin ruwa ko fentin mai, wanne zan fara koya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. A Agege nake zaune, sana'ata zanen lalle na amare, kuma alhamdu lillahi ina samu. Akwai wata ƙungiyar masu zane a wajen Yaba da ke buɗe ajin 'yan koyo duk ranar Asabar, aji biyu ne: na fentin ruwa da ake yi a kan takarda, da na fentin mai da ake yi a kan kanbas. Kuɗin rajista ba wani abu ba ne, amma kowa shi ke sayen kayansa. Da na kai jerin kayan ajin mai shago aka yi mini lissafi, sai da na nemi kujera. Ga shi kuma na man raina yake so, tun wani zuwa da muka yi gidan zane na Nike a Lekki na ga manyan zanuka jere a bango, wasu kana iya ganin tudun fentin da sawun burushi a jikinsu.

Ɗaki da falo muke, yara uku, autana kuma yana da asma. Mai gidan ya amince, sharaɗinsa kawai kada a ɓata masa kujeru. Wanne ya kamata in fara da shi? Kuma masu ilimi, yaya batun zanen abu mai rai? Ban taɓa riƙe burushi ba, sai ledar lalle.

'Yar Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Yaya, ai kin amsa wa kanki tunda kika ambaci asma. Fentin mai a ɗaki da falo da yaro mai ciwon ƙirji? Ki fara da na ruwa kawai.

Baba mai zanen motoci:
'Yata, tun ina saurayi nake rubutu da zane a bayan tireloli da allunan shaguna, har na zo na koyi na kanbas da girmana, don haka bari in ɗan ja miki zancen.

Mutane na ɗauka fentin ruwa na yara ne, na mai kuma na ƙwararru. A wajen aiki ba haka ba ne. Fentin mai yana da haƙuri. Kin sa kala ba ta yi miki ba, ki kankare da wuƙar fenti ki sake, ko ki bari ya sha iska ki rufe da wata. Na ruwa ba ya yafiya. Duhu idan ya hau takarda ya hau, ba ki da farin da za ki rufe shi, domin farin takardar shi ne farinki. Shi ya sa ake farawa da kala mai haske a bi da mai duhu, kuma tun kafin ki jiƙa burushi sai kin san inda za ki bari fari.

To amma ke mai lalle ce. Kin saba da aikin da ba a gogewa, kin saba amarya na motsi ƙawaye na surutu a kanki kuma layinki bai karkace ba. Abin da ke korar yawancin 'yan koyo daga fentin ruwa tsoron kuskure ne, ke kuwa kin daɗe da wuce wannan wurin. Inda za ki sha wuya daban ne: hannunki ya saba da siririn layi da cike kowane gurbi da ado. Zanen fenti yana son ki ga haske da inuwa a dunƙule, ki ɗauki babban burushi ki shafa sararin sama gaba ɗaya ki ƙyale shi. Malaminku zai yi ta ce miki ki daina taɓawa. Ki ji maganarsa.

Game da na mai, shi kansa fentin ba shi ne mai warin da ke damun ƙirji ba, garin kala ne aka kwaɓa da man linsid. Masifar tana cikin abin tsinka shi da wanke burushi, wato tafentain ko tina, mu nan ma da yawa da kananzir muke wanki saboda araha. Waɗannan ba a buɗe su a ɗakin da yara ke kwana, ko da lafiyarsu ƙalau. Sannan tsumman da ya sha man linsid idan aka dunƙule shi aka jefa a lungu yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta. Ko dai a shanya shi a buɗe a waje, ko a tsoma shi a gwangwani mai ruwa. Wannan ba tatsuniya ba ce, duk mai aikin fenti ko banish na katako ya san da ita.

Ɗan Obalende:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: fentin mai ba ya bushewa ranar da aka yi shi. Kwanaki yake ɗauka kafin a iya taɓa shi, fari ma ya fi jinkiri, kuma sai ya yi kamar wata shida kafin a shafa masa banish, man ƙyallin da ke kare zanen. Anti ki yi tunanin ɗanyen kanbas a hannunki cikin danfo daga Yaba zuwa Oshodi, kwandasta na cewa a matsa, ga wani Alhaji da farar shadda a gefenki. Kafin ki biya ko sisi ki tambaye su ko suna da wurin ajiye aikin ɗalibai har mako ya zagayo. In babu, ajin nan ba na mai hawa motar haya ba ne.

Ɗalibar Yabatech:
Ni kam ban yarda a ce ta haƙura da abin da ranta ke so ba. Wanda ya shiga ajin da bai kwanta masa ba, damina na kankama zai fara neman uzuri, Yaba ta yi nisa, hanya ta cushe. Yaya, in na mai kike so akwai mafita: ki yi shi a can ajin kawai, kayan su zauna can, gida kuwa ki riƙa atisaye da fensir. Akwai kuma fentin mai da ake tsinkawa da ruwa, kamar Artisan na kamfanin Winsor & Newton, ba ya buƙatar tafentain, sai dai ba kowane shago ke da shi ba kuma ba araha. Sai akirilik, shi ma a kanbas ake yi, yana yin kauri kamar na mai, da ruwa ake wanke shi, cikin mintuna ya bushe. Ki tambaya ko za su bar ki ki zauna a ajin mai da akirilik ɗinki, wasu malaman ba sa hanawa.

Kuma wannan jerin da aka ba ki, na tabbata rabinsa ba na ɗan koyo ba ne. Fari babba guda, ja, shuɗi, ruwan ɗorawa da ruwan ƙasa sun ishe ki wata da watanni, sauran kalolin duk daga cikinsu ake haɗawa. Kanbas ma ba dole sai na shago ba, mu a makarantarmu, Kwalejin Fasaha ta Yaba, yadi mai kauri muke saya kafinta ya buga mana firam, mu ja shi da kanmu mu shafa masa jeso, wato farin shafen da ake yi wa kanbas kafin a fara zane.

Baba mai zanen motoci:
Ɗiyata ta Yabatech, gaskiyarki a kan jerin kaya. Amma sau ɗaya a mako ba ya koyar da hannu. Abin da za ta iya buɗewa a kan tabarma bayan yara sun yi barci, ta yi minti ashirin ta rufe, shi zai kai ta. Na man ba zai gudu ba.

Malamar firamare, Mile 12:
Ina bayan Baba. Na yi irin wannan ajin, kuma da na ruwa na fara. Ƙanwata, in kuɗinki kaɗan ne ki zuba su a takarda, ki rage a fenti. Ki nemi wadda aka rubuta 300 gsm a bangonta, wato ma'aunin nauyin takardar. Takardar buga takardu 80 ce, ruwa na taɓa ta take tattarewa, kalar ta taru a kwari ta bushe da tabo, sai ki ɗauka hannunki ne bai iya ba alhali takardar ce. Ta auduga zalla irin Arches ita ce ƙarshe amma tsadarta ba ta ɗan koyo ba ce, Canson ta wadatar. Fenti kuma ƙaramin akwatin Cotman in da hali, in babu Marie's ma tana aiki. Ki guji na 'yan makaranta mai kala goma sha biyu da ake sayarwa a bakin titi, alli ya yi masa yawa, yana bushewa ya koma fari-fari. Burushi biyu: mai tsini lamba 8 ko 10, da mai faɗi guda. Kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya mai tsabta. Farin faranti na tangaran daga kicin ya isa wajen haɗa kala.

Darasin farko da za a ba ku kusan kullum shi ne shafe takarda da kala ɗaya ba tare da layi ya fito ba. Za ki manne gefunan takardar a kan katako da salatif na takarda, ki ɗan jingina katakon. Ki cika burushi ki ja daga hagu zuwa dama, za ki ga ruwan kalar ya taru a ƙasan layin yana ƙyalli. Kafin ya bushe ki sake cika burushi ki ɗauko wannan taruwar ki ja layi na biyu, haka har ƙasa, sannan ki matse burushin ki tsotse ragowar. Kada ki koma sama gyara, nan ne ake ɓata aiki. Kuma ki sa a ranki kalar tana yin haske in ta bushe, don haka ki haɗa ta ta ɗan fi yadda kike so duhu.

Yanayin Legas ma yana da nasa. Da damina takarda na daɗewa a jiƙe, sai kin yi haƙuri ko ki kunna fanka, in kin yi gaggawar ɗora kala ta biyu su cakuɗe su zama ruwan kwata. Da hunturu kuwa kafin ki kai ƙarshen layi farkonsa ya bushe. Ki riƙa ajiye takardunki a leda mai zif saboda fumfuna, akwatin fentin kuma ki bari ya bushe sannan ki rufe, ki ɗaga shi sama, domin kyankyasai na lasarsa.

Ɗan Gashuwa a Apapa:
Dole su lasa mana Malama, ai ƙaro ne a ciki. Da ƙaro ake ɗaure garin kalar fentin ruwa, irin wanda ake tsinka a jikin ɗakwara a wajenmu Yobe da Borno da Jigawa, irin dai wanda malaman allo ke sawa a tawada. Mu da Sudan da Chadi ne manyan masu fitar da shi, a kai Turai a kwaɓa a dawo mana da shi a ƙaramin akwati da tsada. Allah ya kyauta.

Malam na Zangon Agege:
Game da tambayarki ta biyu, Hajiya. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar abu mai rai ingantattu ne, suna cikin Buhari da Muslim. A cikinsu kuma akwai wanda wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba shi shawarar ya riƙa zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi bayani mai tsawo a kan bambancin gunki da zanen da ke kan shafi, kuma ba bakinsu ɗaya ba, wannan ki zauna da malaminki. Abin da babu jayayya a kansa yana da faɗi: itatuwa, furanni, teku, jiragen ruwa, gine-gine, kayan marmari, zayyana, dagi da adon bangon gidajenmu na Zariya da Kano. Ki faɗa wa mai koyarwar tun ranar farko, domin wasu azuzuwan sukan zaunar da mutum a gaba a ce a zana shi.

Sannan alwala. Lalle rini ne, ba ya hana ruwa taɓa fata. Fentin mai da akirilik kuwa suna yin ɓawo a kan fata da farce, sai an cire kafin a yi alwala. Na mai ki murza da man gyaɗa ki bi da sabulu, ya fi kananzir sauƙi a fata.

Wata uwa:
Kuma don Allah banda gyara tsinin burushi da baki, wasu kalolin akwai guba a ciki, musamman masu kadmiyam. A ɗaga kayan inda autan ba zai kai ba.

Ɗan Obalende:
Ni dai Anti in kin shahara kada ki manta da mu. Zanen Tutu na Ben Enwonwu fam miliyan 1.2 aka saye shi a Landan a 2018, kuma fentin mai ne ba na ruwa ba, ehe.

Ɗalibar Yabatech:
Kai dai da kuɗi! Amma Yaya, ki riƙa zuwa kallon aikin manya, kyauta ne a wurare da yawa kuma rabin karatun ke nan. Makarantarmu tun 1947 take, Yusuf Grillo da ya daɗe yana shugabantar sashen zanenmu, a Zariya ya yi karatu, ki nemi hotunan aikinsa ki ga abin da mutum zai iya yi da shuɗi kusan shi kaɗai. Terra Kulture a Victoria Island ma suna baje koli akai-akai. In kin je ki matsa kusa ki ga yadda aka ɗora kala, ki ja baya ki ga yadda ta haɗu.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara girma. Na kira su. Sun ce suna da wurin ajiya amma ya cika, sai zagaye na gaba. Don haka zan shiga na ruwa yanzu, in sa sunana a na mai tun da wuri, kuma tafentain ba zai shigo mini gida ba. Malam, na faɗa musu batun zanen mutum, matar ta ce ba ni ce ta farko ba, za ta ajiye mini tulu da lemo. Saura hanya, ajin ƙarfe goma yake farawa. Malama, takardar nan a ina kike saya?

Malamar firamare, Mile 12:
Shagunan kayan zane da ke kewayen Yabatech, nan ɗalibai ke saya. Ki ce babban falle kike so ba littafi ba, ki yanka shi gida takwas da kanki, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma bayan takardar ma ana atisaye a kai. Hanya kuwa jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege da Yaba, da katin Cowry ake shiga, sai dai ki leƙa tashar ki ga jadawalinsu na Asabar kafin ki dogara da shi. In bai yi daidai da lokacinki ba ki fito ƙarfe bakwai da rabi, kuma ki sa tsohon hijabi.