Neman shawara: injin maganaɗisu marar burushi yana ɗaukar zafi tun da na canza masa boris

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu wannan sana'a. Na daɗe ina gyaran injinan lantarki na masana'anta irin waɗanda aka saba da su, amma wannan ne karo na farko da na buɗe inji mai maganaɗisu na dindindin marar burushi. Injin yana da goshin maganaɗisu 8, yana da inkoda (na'urar da ke karanta kusurwar da sandar injin take) da birki a bayansa, kuma inbata (na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga injin) ce ke sarrafa gudunsa. Ƙarar boris ce ta sa na sauke shi. Na cire inkodar, na zare rotar (ɓangaren da ke juyawa, mai ɗauke da maganaɗisun) da ƙyar saboda yadda take mannewa a jikin sitato (ɓangaren da ba ya motsi, inda aka naɗa waya), na sa sababbin boris, na mayar da komai. Yanzu ƙarar ta tafi, amma injin yana jan wuta kusan ninki biyu na da, cikin ɗan lokaci jikinsa ba ya taɓuwa, kuma da an ɗora masa nauyi sai inbatar ta yanke. Wani abokin aikina ya ce wayar ce ta ƙone, a kai shi a sake naɗi. Kafin in amince, ina roƙon waɗanda suka riga ni a wannan fanni su haska mini hanya.

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar sake naɗi. Tambaya ɗaya zan yi maka: kafin ka kwance inkodar, ka yi alamar mazauninta a kan sandar injin, ko ka rubuta kusurwar da take karantawa? Idan ba ka yi ba, ina kyautata zaton a nan matsalar take.

A injin da ke da burushi, burushin ne da kansa yake juya wuta zuwa wayar da ta dace. A wannan kuwa inbata ce ke yin aikin, kuma ba ta da idon da za ta ga inda maganaɗisun yake sai ta hanyar inkoda. Idan inkodar ta goce, inbatar za ta riƙa tura wuta a lokacin da bai dace ba, sai ƙarfin juyi ya ragu, ita kuma ta ƙara wuta don ta cike giɓin. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ƙanƙantar gociyar da ake bukata. Injinka mai goshi 8 yana da tagwaye 4, wato goshin arewa da na kudu sau huɗu, saboda haka kowane digiri ɗaya da ka goce a kan sanda ya zama digiri 4 a lissafin lantarki. Gociyar digiri 15 kacal, wadda da ido ba za ka ɗauke ta bakin komai ba, ta zama digiri 60, kuma a wannan kusurwa rabin ƙarfin juyi ne kawai yake fitowa. Inbatar sai ta ninka wutar, zafin da ke tashi a cikin waya kuma ya ninka sau huɗu. Wannan ya yi daidai da abin da ka bayyana. Ka gode wa Allah da gociyar ba ta wuce digiri 90 na lantarki ba, domin a nan injin yana iya kwacewa da gudu ta ɓangaren da ba a umarce shi ba.

Gyaran shi ne a kwance injin daga abin da yake ja, a saki birkin, a ba biyu daga cikin layukan injin guda uku wutar batir mai ƙarancin ƙarfi, ƙasa da amfiyar da ke rubuce a farantin injin. Rotar za ta zabura ta tsaya cak a wuri ɗaya, sai a daidaita inkodar da wannan mazauni bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera injin, domin kowane kamfani da irin kusurwarsa. Inbatoci da yawa suna iya gano kusurwar da kansu, don haka ka duba littafin taka.

Amsa ta biyu

Na yarda da Injiniya mai amsa ta farko, sai dai ina ganin bai kamata a wanke maganaɗisun daga zargi tun kafin a gwada shi ba, musamman da yake injin ya yi ta ɗaukar zafi. Yawancin waɗannan injina suna amfani da maganaɗisun niyodimiyom, wanda ya fi kowanne ƙarfi amma ba ya jure zafi. Nau'in da ya fi rauni yana fara rasa ƙarfinsa daga digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, masu alamar SH suna kaiwa 150, masu UH kuma 180, kuma abin da zafi ya cinye ba ya dawowa don injin ya huce. Alamar raunin maganaɗisu ita ma jan wuta ce da zafi, shi ya sa ake rikita su.

Gwajin da zai raba gardama ba shi da wuya. Ka cire wayoyin daga inbata, ka haɗa sandar da wani inji da zai juya ta a gudun da ka sani, misali zagaye 1000 a minti, sannan ka auna wutar da injin ke haifarwa tsakanin kowane layi biyu. Awo ukun su zo kusan daidai da juna, kuma su dace da adadin volt da kamfanin ya rubuta na kowane zagaye 1000. Idan ukun sun daidaita amma duk sun yi ƙasa sosai, maganaɗisu ne ya yi rauni. Idan ɗaya ya bambanta da sauran, to waya ce. Ka kula da hannunka a lokacin gwajin, domin wannan inji janareta ne muddin sandarsa na juyawa, ko da ba a haɗa shi da komai ba.

Amsa ta uku

Ƙanena, ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa da ka yi ka zare rotar da ƙyar. Tazarar da ke tsakanin rota da sitato sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma maganaɗisun yana da gautsi kamar tangaran. Na taɓa buɗe wani inji da aka kawo mini bayan irin wannan aiki, na tarar zoben da ke riƙe maganaɗisun ya karce, wani ɗan ɓalli kamar ƙwayar gero ya maƙale a tsagin sitato yana goge rufin waya, ga kuma garin ƙarfe ya yi wa rotar gashi baƙi ƙirin. Daga yau ka riƙa tallafe sandar ta ɓangarorin biyu, ka zura siraran takardun roba a cikin tazarar kafin ka ja, kuma da rotar ta fito ka naɗe ta da leda nesa da inda ake goge ƙarfe. Kada yatsa ya shiga tsakaninta da wani ƙarfe, kuma duk mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusance ta.

Game da wayar, ka auna juriyar layukan uku, sannan ka sa mega, na'urar gwada lafiyar rufin waya, a volt 500 tsakanin waya da gangar injin, bayan ka cire inbata da inkoda da na'urar auna zafi, in ba haka ba za ka ƙone su. Ƙasa da megom 5 abin damuwa ne. Idan har ta kai ga sake naɗi, sitato kaɗai ke shiga tanderun ƙone tsohon rufi, wanda zafinsa kan kai wajen digiri 370. Rotar da ta shiga nan ta zama ƙarfe kawai. Ka kuma duba cikin tsofaffin boris ɗin. Idan ka ga layuka jere a kan hanyar ƙwallayen kamar haƙoran mataji, wutar inbata ce ke bi ta cikinsu, kuma sababbin ma haka za su lalace sai ka sa boris mai rufin da ke hana wuta wucewa ko zoben da ke sauke wutar sanda zuwa ƙasa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Gaskiyar Injiniya ce, ban yi wa inkodar alama ba, na ɗauka yadda ta shiga haka take. Na yi gwajin juyawa a zagaye 1000, awo ukun sun zo daidai kuma sun kusa da abin da ke kan farantin, mega ma ta nuna rufin lafiya lau. Da na daidaita inkodar sai wutar ta koma yadda take a da, injin ya yi awa uku da nauyi ba tare da inbatar ta yanke ba. Na kuma fasa tsohon boris na baya, na ga layukan nan da Baba mai amsa ta uku ya kwatanta. Shin boris mai rufi guda ɗaya a baya ya wadatar, ko sai na haɗa da zoben a gaba?