Ƙanwata ta faɗa cikin wasu ƙawaye, mun rasa yadda za mu yi

Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ƙanwata shekararta 16, tana SS2 a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo, a Gwammaja muke. Tun farkon zangon nan ta haɗe da wasu 'yan ajinsu huɗu da ba sa kula kowa sai mai babbar waya. Ta yar da ƙawarta ta tun firamare, wai baƙauyiya ce. Kuɗin tara da na adaidaita sahu take ɓoyewa, ta dawo gida a ƙasa, don ta yanki anko a Kwari. Islamiyya kuwa, sau uku malaminsu yana aikowa.

Na yi nasiha, ta yi banza da ni. Umma ta ƙwace wayar sati biyu, ta koma aro. Na kai ƙara makaranta, aka yi musu faɗa a gaban ɗalibai, abin ya ƙara dagulewa. Yanzu sun ce ita ce magulmaciya. Jiya da kuka ta shigo, ko tuwo ba ta taɓa ba, amma har yanzu su take kare wa.

Ga jarrabawar kwalifayin, wadda 'yan SS2 ke yi ta share fagen jarrabawar gama sakandare, tana matsowa. Don Allah, in nema mata canjin aji yanzu, ko in bari zango ya ƙare?