Neman shawara: a wane mataki ribar tsofaffin faifai da kaset take zurarewa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin shago a Kano inda nake saye da sayar da tsofaffin faifan garmaho da kaset, galibi na makaɗan Hausa irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, sai kuma kaɗe-kaɗen kudu da aka buga a Legas a shekarun 1970. Ina samun kayan ne daga magada masu kwashe ɗaki, da 'yan gwangwan, da tsofaffin masu shagon kaset da suka rufe tun da masu tura waƙa a waya suka karɓe kasuwa. Ciniki yana tafiya, amma idan wata ya ƙare ba na ganin ribar da ta dace da wahalar. An ba ni shawarar in bi sana'ar mataki-mataki, in ga inda kaya ke ƙara daraja da inda kuɗi ke zurarewa, sai dai ban san ta inda zan fara ba.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan hanyar lissafi Michael Porter na jami'ar Harvard ne ya yaɗa ta a 1985, kuma ko da yake manyan kamfanoni ya yi wa magana, tana aiki a shago irin naka. Ka raba aikinka zuwa samo kaya, tantancewa, wanki da gyara, ajiya, talla, da kai wa mai saye, sannan a kowane mataki ka rubuta abin da ya ci na kuɗi da lokaci, da abin da ya ƙara wa farashi. A ganina matsalarka tana matakin farko. Kai ba ƙera kaya kake yi ba, kuma tsofaffin faifan asali ba sa ƙaruwa, saboda haka ranar saye ake yanke riba. Idan ka sayi buhu a dunƙule, ka buɗe masa shafinsa a littafi, ka ware masu tsada, da na yau da kullum, da waɗanda suka lalace. Bayan 'yan watanni za ka gane wanda ke kawo maka kaya masu kyau, shi ne za ka riƙa ƙara wa farashi don ya fara kiranka kafin kowa.

Amsa ta biyu: Na yarda da ɗan'uwa, amma ni a tantancewa da ajiya na fi ganin asara, domin na daɗe ina tara faifai. Zafin bazara yana lanƙwasa faifai, musamman idan an jibge su a kwance ko an bar su kusa da kwanon rufi, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya dawo daidai. A tsaye ake jera su, a wurin da rana ba ta taɓawa. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga tsagin da allura ke bi, ita ce ke kawo ƙarar nan ta ƙaras-ƙaras da mai saye ke ɗauka lalacewa ce, alhali ruwa mai tsabta da tattausan ƙyalle, ana bin zagayen tsagin ba tare da an jiƙa takardar tsakiya ba, sun isa su fitar da ita. Ka kiyaye faifan 78 na da, wato masu juyawa sau 78 a minti ɗaya, kada sifirit ya taɓa su, domin yana cinye fuskarsu. A kaset kuma ka duba ɗan audugar da ke ƙarƙashin zare, sau da yawa ita ce ta faɗi, kuma mayar da ita ba ya cin komai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ka saurari kowane faifai kafin ka sa masa kuɗi, ka rubuta sunan kamfanin da ya buga shi, ko EMI ne ko Decca, da lambarsa, da halin da kwalinsa yake ciki. Masu tarawa suna biyan kwali na asali kuɗi mai kyau. A Discogs, shafin intanet na cinikin faifai, akwai matakan inganci da kowa ya sani, irin su VG (mai kyau sosai) da VG+ (wanda ya ɗara shi kyau), kuma wanda aka san ba ya zuzuta kayansa shi ake komawa wurinsa.

Amsa ta uku: Malam, ina ganin kasuwa biyu kake haɗawa a farashi ɗaya. Dattijon da ke neman muryar Shata don tuna zamaninsa sauti yake so, ba ruwansa da lambar bugu, kuma ba zai biya da yawa ba. Mai tarawa a Turai ko Japan kuwa bugun farko yake nema, musamman na kaɗe-kaɗen Legas. Amma kafin ka yi murna da farashin waje, ka cire kuɗin aikawa, da kwali mai kauri, da kason shafin da ka sayar a kai, da wahalar karɓar kuɗi daga ƙetare, domin faifai mai arha ba ya ɗaukar wannan nauyin. Sannan ina jan kunnenka game da kwafi. Sayar da faifan asali da ka saya daban ne da juya waƙar a waya kana karɓar kuɗi, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare masu waƙa da magadansu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da littafin buhu-buhu da sauya wurin ajiya a wannan makon. Mai amsa ta biyu, don Allah ka ƙara mini bayani kan yadda ake bambanta bugun farko da wanda aka maimaita, domin akwai faifan Decca a hannuna da nake son tantancewa kafin in sa musu farashi.